Ɗigo Bakwai a Gefen Ƙararrawa

Akwai wani saurayi da abokansa suke kira Almakashi. A gida kuwa Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Aikinsa na cin abinci a shagon buga fosta da katin gayyata yake, amma abin da ya ɗauka sana'arsa ta gaskiya daban ne. Yakan ɗauko fina-finan zane irin waɗanda ake kira anime, ya yayyanka su gunduwa-gunduwa a kwamfuta, ya jera guntayen a kan wata waƙa, ta yadda duk inda ganga ta buga sai takobi ya sauka ko ido ya ƙifta. Maganar gaskiya, ya iya. Hannunsa yana da kyau, kunnensa kuma ba ya kuskuren kiɗa. Sai dai baiwar nan ta zo masa haɗe da hali biyu marasa kyau, wato gaggawa da girman kai. Bai yarda wani ya riga shi ba, kuma bai yarda akwai abin da za a ce masa kada ya taɓa ba.

Kowane bidiyo ya haɗa sai ya manna tambarinsa a kusurwa, ɗan jan almakashi mai buɗaɗɗen baki, sannan a ƙarshe ya rubuta laƙabinsa da manyan baƙaƙe har su cika allo. Wata rana wani ya kwashi bidiyonsa, ya yanke tambarin, ya sake ɗorawa a intanet da sunan kansa. Kwana uku Almakashi yana zage-zage. Ɓarawo ya ce, marar kunya ya ce, mai cin gumin wani ya ce, har abinci sai da ya ƙi ci. Abin haushin shi ne, hotunan da ke cikin bidiyon nan kaf daga shafukan satar fasaha ya sauke su, kuma aikin farko da ya yi musu shi ne yanke duk wani tambari da ya gani a jiki. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya haɗa wannan da wancan ba.

Masu irin wannan sha'awa suna da ƙungiya, suna haɗuwa duk Asabar da la'asar a bayan shagon wani dattijo da ake kira Mai Faifai, wanda ke sayar da fina-finai na asali. Shi ne shugabansu, shi ne kuma ke shirya gasarsu ta shekara-shekara, inda ake nuna bidiyon kowa a babban allo. Gasar tana da doka biyu. Dole hotunanka su fito daga fim ɗin da masu shi suka riga suka saki, ka same shi ta hanyar halal. Dole kuma a ƙarshen bidiyo ka jera sunayen waɗanda suka zana fim ɗin da wanda ya rera waƙar.

"Ni fa dokar nan taku ba ta shiga kaina," in ji Almakashi wata Asabar, yana kaɗa ƙafa a kan benci. "Wanda ya sayi faifai ya yanka, da ni da na sauke kyauta na yanka, wa ya nemi izini a cikinmu? Waƙar ma wa ya tambayi mai ita? Duk ɗaya muke, kun dai fi ni son wahalar da kai."

Mai Faifai ya ajiye tsumman da yake goge kanta da shi. "Ba ka yi ƙarya gaba ɗaya ba, yaro. In aka bi doka tsantsa, babu ɗayanmu da ke da takardar izini a hannu. Faifan da ka saya na kallo ne, ba a sayar maka da haƙƙin yankawa ka watsa ba. Masu abin suna ganinmu sarai. Kawar da kai kawai suke yi, don sun ga ƙauna ce ta sa mu, kuma muna jawo musu masu kallo. A kan haƙurinsu muke zaune. To kai da aka bari ka zauna a zauren mutum, shi ne kuma za ka zagaya ka ɓalle masa taga?"

"Baba, wa'azi ka koma?"

"Ba wa'azi ba ne. Akwai mutane a bayan kowane hoto da kake yankawa. Ba ka ganinsu ne kawai."

Almakashi ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya ci gaba da latsa wayarsa. Abin da ke cinsa a rai daban ne. Shekara biyu a jere wata ma'aikaciyar jinya da suke kira 'Yar Tabarau tana kayar da shi a gasa, da tsofaffin fina-finan da kowa ya haddace. Ta fi shi haƙuri ne, takan yi wata huɗu a kan bidiyon minti uku. Shi kuwa ya gaya wa kansa cewa alƙalai ne ba su da ido, kuma ranar da ya kawo abin da ba wanda ya taɓa gani, bakin kowa zai mutu.

Almakashi yana da yaya mace, su biyu ke nan wurin mahaifiyarsu. Ita ta ba shi kwamfutarsa ta farko, ita ta koya masa yadda ake kunna ta. Shekara bakwai tana aiki a wani ƙaramin kamfani na mutum tara, tana rubuta fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto in ana kallon fim ɗin waje. Duk shekarun nan ƙananan ayyuka ake ba ta, irin waɗanda ba a sa sunan kowa. Sai a wannan shekara kamfaninsu ya samu kwangilar wani babban fim da duk masu son anime suke ɗokin fitowarsa, labarin wata yarinya mai kaɗa ƙararrawa a saman hasumiya, a garin da ruwa yake cinyewa. Aka ba Yaya fassarar, aka kuma yi mata alkawari a rubuce cewa sunanta zai fito cikin jerin sunayen ƙarshen fim. Ranar da ta zo da labarin, rawa ta yi a tsakar falo da jakarta a kafaɗa.

"Mama, sunana zai hau allon sinima," ta ce. "Ko a kan kujerar guragu ne sai na kai ki kin gani."

Ta faɗi haka ne don a makon nan Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, an yi mata aiki, tana kwance ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Saboda wannan lalura Yaya ta roƙi ogansu ya bar ta ta riƙa aiki daga gida. Ba a saba ba, don fim ɗin da bai fito ba ba ya barin ofis. Amma ogan ya dubi shekara bakwai da ta yi ba tare da ko allura ta ɓata a hannunta ba, ya sa ta sa hannu a takarda, ya ba ta kwamfutar aiki ta tafi da ita.

Tun ranar farko ta kira ƙanenta ta zaunar da shi. "Auta, na san halinka, shi ya sa nake gaya maka da bakina. Abin da ke cikin kwamfutar nan amana ce. Ko leƙe ban yarda ka yi ba. Saura wata biyu ya fito, ni da kaina zan saya maka tikiti."

"Haba Yaya, sai ka ce wani ɓarawo."

"Ban ce kai ɓarawo ne ba. Na ce kada ka taɓa."

Wata biyu, alhali gasa saura mako uku. Wannan lissafi shi ya hana Almakashi sukuni. Kullum in ya dawo daga shago sai ya tarar da ita a teburin falo, abin sauraro a kunne, tana gwada jimloli da ƙarfi. Akwai wata magana da yarinyar fim ɗin take gaya wa ƙanenta, Yaya ta juya fassararta ya kai sau goma, tana ɗaga murya tana tambayar Mama wacce ta fi daɗi, har suka tsaya a kan, "Kai dai riƙe igiyar, sauran ka bar mini." Shi kuwa yana gefe yana satar kallon hasken allon a jikin gilashin taga, yana cika yana batsewa. A ganinsa zalunci ne a ce abin yana cikin gidansu amma an hana shi.

Ranar wata Lahadi da hantsi Mama ta kira Yaya ta taimaka mata da wanka. Yaya ta tashi da sauri, ta manta ba ta kulle kwamfutar ba. Almakashi ya dubi ƙofar banɗaki, ya dubi allo. Ya zaro filashi daga aljihu ya soka. Minti goma sha ɗaya kwafin ya ɗauka, kuma duk minti goma sha ɗayan nan yana jin ƙarar ruwa, yana jin Yaya tana cewa, "Sannu Mama, dafa kafaɗata." Yana da damar zare abin a kowane ɗaya daga cikinsu, bai zare ba.

Kwafin yana da lambar ma'aikaciya a rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan hoto. Wannan ba ta dame shi ba, yanke tambari ai tsohon aikinsa ne. Ya datse ƙasan, ya ɗan faɗaɗa hoton, lamba ta ɓace. Ya samo waƙa mai ganguna masu nauyi ya fara jerawa. Masu wannan sana'a ba sa kallon fim yadda mutane ke kallo. A kowace daƙiƙa hotuna ashirin da huɗu ne ke wucewa, su kuwa ɗaya bayan ɗaya suke bin su. A haka ne ya iso wurin da yarinyar ta daki ƙararrawa ruwa ya dare gida biyu, sai ya ga wani abu a hoto ɗaya tak: ɗigo bakwai ƙanana, dishi-dishi, a gefen ƙararrawar. A hoton da ke gaba babu su, a na baya ma babu.

Ya yi murmushi shi kaɗai. Ya ce a ransa tartsatsi ne masu zanen suka ɓoye, wanda sai mai ido irin nasa zai gani. Ya ja hoton ya tsawaita shi, ya ƙara wa ɗigon haske har suka zama ruwan zinariya, sannan ya maimaita shi sau huɗu, daidai inda babbar ganga take faɗuwa. Ya yi kyau kuwa, babu mai musun wannan. A ƙarshe ya manna jan almakashinsa, ya rubuta laƙabinsa ya cika allo. Sunayen masu zane kuwa ya ce babu wuri.

Ranar karɓar bidiyon gasa, Mai Faifai ya kunna na Almakashi a gaban 'yan ƙungiya. Kafin a yi rabin minti ɗakin ya yi tsit. Dattijon ya tsayar da bidiyon ya juyo.

"Ina ka samo wannan?"

"A tallan fim ɗin."

"Tallan nan na kalle shi ya fi sau ashirin, babu wurin nan a ciki. Ina ka samo?"

"Baba, aikin za ka duba ko tambayar 'yan sanda za ka yi mini?"

"Ba zai hau allona ba," in ji Mai Faifai, ya zare filashin ya miƙa masa. "Kuma in kana jin maganata, ka goge shi yau. Wannan ba daga kasuwa ya fito ba, daga hannun wani ya fito. Duk wanda aka ba ajiyarsa, ka sa wuyansa a igiya."

'Yar Tabarau ta biyo shi har bakin ƙofa. "Yayarka ba fassara take yi ba?" ta tambaya a hankali. "Don Allah ka tsaya ka yi tunani."

Wannan tambaya ita ta ƙarasa tunzura shi. A ce wadda ta kayar da shi sau biyu ita ce za ta yi masa nasiha. Ya ce mata hassada ce ke cinta, ya ce ƙungiyar ta tsofaffi ce da matsorata, ya ce duniya za ta yi masa alƙalancin da suka hana shi. A nan tsaye a bakin shagon ya ɗora bidiyon a shafinsa.

Kwana biyu ya yi yana yawo kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Masu kallo suka yi ta tururuwa, ana ta yaɗawa, ana tambayar wane ne wannan Almakashi. Wasu har hoton ɗigon zinariyan suka ciro suna yabawa. A rana ta huɗu yana tsakiyar yanka katunan wani kwastoma ya duba waya, ya ga an rufe shafinsa ɗungurungum. Aikin shekara biyar ya tafi, har da bidiyon da ba su da laifin komai.

Ya shigo gida da la'asar yana huci. "Yaya, kin ga abin da azzaluman nan suka yi mini? Sun rufe mini shafi. Ni da nake musu talla kyauta."

Tana zaune a teburin falo da kayan fita a jikinta. Teburin babu komai a kai, ba kwamfuta, ba abin sauraro, sai takarda ɗaya. Ta tura masa ita da yatsa. Hoton ƙararrawa ne an buga, an zagaye ɗigo bakwai da jan biro.

"Ka san mene ne wannan?" ta ce.

"Tartsatsi ne."

"Sunana ne. Kowane kwafi da aka ba ma'aikaci yana da nasa ɗigon, a wurin da ido ba ya kamawa. Lauyan masu fim ɗin ya ce yawanci sai sun yi kwanaki da na'ura kafin su gano daga inda abu ya fita. Wannan karon ko gumi ba su yi ba. Ka haskaka musu shi, ka maimaita musu sau huɗu, da kiɗa."

Duk da haka bakinsa bai mutu ba, don mai girman kai ko an kama hannunsa a cikin jaka sai ya nemi abin faɗa. "Ai ban sayar ba, Yaya. Ban ci komai a ciki ba. Minti uku ne kawai, kuma kowa yana yi."

Sai ta miƙe. Tunda yake bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Kowa yana yi? Kowa ne yake jira yayarsa ta shiga yi wa uwarsa wanka ya yi mata sata? An ƙwace kwangilar, Auta. Mutum tara ne a ofishin nan, kowa da iyalinsa. Mutumin da ya tausaya mini ya ba ni kwamfuta saboda Mama, yau a gabana aka wanke shi tas a waya, yana ba da haƙuri kamar yaro. Ni kuma an sallame ni. Kamfanonin fassara nawa ne? Duk sun san juna, kafin gobe kowa ya ji. Wa zai sake ba ni ajiyar ko da tallan sabulu?"

"Zan je in gaya musu ni ne."

"Sun tambaye ni wa ya ɗauka. Na ce sakacina ne, ban kira sunanka ba, don kada a ja ka kotu Mama tana kwance. Kada ka ɗauka don kai na yi." Ta nuna shi da yatsa. "Kai ne fa ka ƙi cin abinci kwana uku don an yanke maka ɗan jan almakashi. Aikin mako uku. Ni shekara bakwai ka yanke."

Daga cikin ɗaki Mama take kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana kuka, ba ta iya tasowa. Yaya ta share fuskarta ta shiga wurinta, ta bar shi tsaye da takardar a hannu.

Ƙungiya ta cire shi, kuma a shekarar nan gasar ma ba a yi ba, don mai ɗakin taron da suke yin ta a ciki ya ji labari ya ce ba ya son rigima da lauyoyi. Yaya ta nemi aiki har ta gaji, daga ƙarshe ta samu na buga takardun jarrabawa a ofishin wata makaranta. Ba ta sake yi masa faɗa ba. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kuma ya gwammace faɗan sau dubu.

Da fim ɗin ya fito, shi kaɗai ya je sinima ranar wata Asabar da rana. Ya zauna a layin baya. Da aka zo wurin ƙararrawa ya zuba ido yana jiran tartsatsin, bai ga komai ba, don dama masu zanen ba su taɓa zana shi ba. Can sai yarinyar ta juya ta dubi ƙanenta, rubutu ya fito a ƙasan allo: "Kai dai riƙe igiyar, sauran ka bar mini." Ashe kamfanin da aka mayar wa kwangilar bai canza abin da Yaya ta riga ta miƙa ba. Tun daga farko har kusan ƙarshe muryarta yake karantawa.

Aka kunna fitilu, mutane suka watse, shi bai tashi ba. Ya bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan mutane, masu zana ruwa, masu zana gajimare, masu shafa launi, waɗanda bai taɓa tsayawa ya karanta ba a rayuwarsa. Da aka zo layin fassara, sunan wani kamfani ne a wurin.

Ya tarar da ita a falo tana yanke wa Mama farce. Ya tsaya daga gefensu.

"Yaya, na je na kalla. Maganganunki suna nan a ciki, ba su taɓa su ba. Har ta igiyar nan."

Ba ta ɗago ba. "Sunana fa?"

Ta kama ɗaya hannun Mama ta ci gaba da yanke farcen.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Son abu ba ya mayar da shi naka, kuma iya sarrafa shi ba izini ba ne. Duk hoton da ka gani a allo akwai gumin mutane a bayansa, kuma kwafin sata ba daga sama yake faɗowa ba, daga hannun wani da aka ba amana yake fita, shi ne kuma zai ɗauki hukuncin ko da kai ka sha yabon. In kana son fasahar wasu har kana gina taka a kanta, ka same ta ta hanyar halal, ka jira masu ita su sake ta, ka ambaci sunayensu, ka kuma tuna cewa haƙurinsu ne ya ba ka wuri, ba doka ba. Wanda ya san zafin a goge masa suna bai kamata ya zama sanadin goge na wani ba. Almakashi ya kasa jiran wata biyu, yayarsa ta biya da shekara bakwai, kuma babu haƙurin da zai bayar da zai mayar da sunanta kan allon nan.